Dokokin da Na Ƙara a Takardar Asibiti

Ranar da aka sallame ni daga asibiti a Kano, bayan an dasa mini ƙoda, maiɗakina ba ta cikin ɗakin. Ta sauka ƙasa da filas da tabarma da bokitin da muka yi jinya da su, tana neman direban da zai mayar da mu Gaya. A daidai lokacin sistar da ke kula da mu masu dashe ta shigo da takarda mai shafi biyu. Gajeruwar mace ce mai tabarau, ba ta ɗaga murya, amma idan ta kalle ka ta saman gilashin sai ka gyara zama.

Ta karanta mini takardar layi-layi. Magani ƙarfe takwas na safe da takwas na dare, kada ya wuce. Ruwan sha sai wanda aka tafasa. Ba jiƙo, ba sassaƙe, ba wani maganin da ba su suka rubuta ba. A rage gishiri da maiƙo da zaƙi. A sa takunkumi idan za a shiga mutane. Kada a ɗauki abu mai nauyi na 'yan makonni. A riƙa tattaki kullum. Idan zazzaɓi ya zo ko fitsari ya ragu, ga lambarta a ƙasa, a kira ko da wane lokaci ne.

"Ka gane, Malam?"

"Na gane, Sista."

"To ka karanta wa iyalinka, tunda su za su kula da kai."

Da Turanci aka rubuta takardar. Ni kuwa malamin Turanci ne a wata firamare a Gaya, shekara goma sha tara. Maiɗakina ta sauke Alƙur'ani, tana karanta Hausar boko sarai, amma Turancin asibiti ba fanninta ba ne. Wato duk gidanmu ni kaɗai ne tafinta. Wallahi a ranar ban ƙudurta komai ba. Godiya ce kawai a raina, da zafin ɗinki.

Shekara biyu na yi ana wanke mini ƙoda kafin nan. Hanyar Gaya zuwa Kano ta Wudil na haddace ta, har ramukanta na sani. Yayata ce ta raba ni da wannan wahalar. Tana aure a Kademi, sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, kuma ita ta goye ni ina jariri. Da aka gwada aka ce tata ta dace da jikina, ba ta yi dogon tunani ba. Cewa ta yi, "Tun kana yaro kake cinye mini rabona, Auta. Zo ka ɗauki wannan ma."

Da muka dawo gida sai 'yan dubiya suka cika mana zaure. A cikinsu akwai kawuna na Gafasa, ƙanen mahaifiyarmu, wanda gonata ke maƙwabtaka da tasa. Tsoho ne mai kirki, amma ban taɓa ganin an ja da shi an yi nasara ba. Ya zo a kan babur, an ɗaure jarka a baya, cike da wani jiƙo baƙi ƙirin mai warin tsohuwar rijiya.

"Kofi ɗaya da safe, ɗaya da yamma," in ji shi. "Sabuwar ƙodar za ta kama jikinka kamar da ita aka haife ka."

Na leƙo daga bayan takunkumi na ce, "Kawu, takarda ta hana."

"Wace takarda?"

Maiɗakina ta ɗauko ta, ta miƙa masa da hannu biyu. Ya juya ta, ya ga hatimin asibiti, ya ga Turanci jere reras. Can ya ce, "To, tunda masu abin sun hana." Ya sa aka mayar da jarkar kan babur.

Na kwanta ina mamaki. Mutumin da ko dagaci ba ya iya tanƙwara shi, ga takarda mai shafi biyu ta mayar da shi gida da jiƙonsa. A nan Shaiɗan ya samu ƙofa.

Da ɗumame na fara. Tun ina yaro ba na son ɗumamen tuwon dawa da safe, amma ban taɓa samun hujjar ƙi ba. Washegari da aka kawo mini, na ɗauko takardar, na sa yatsa a wani layi da ke magana a kan wanke hannu, na girgiza kai.

"Uwargida, an hana abincin da ya kwana."

"Ayya! To me aka ce ka ci?"

Na ƙara duba layin wanke hannun. "Shayi da burodi. Da ƙwai biyu."

Ba ta yi musu ba. Ta ɗauke kwanon da sauri kamar ta kawo mini guba, har tana ba ni haƙuri.

Bayan kwana uku takarda ta ce farfesun zabo yana taimaka wa ɗinki. Bayan mako guda ta ce ƙarar rediyo tana tayar da hawan jini, musamman shirin wasan kwaikwayon da maiɗakina ke saurara da hantsi, amma labaran ƙwallo ba su da illa. Daga nan takarda ta hana a kawo mini ƙarar yara kafin azahar. Ta hana ni zaman kwamitin unguwa, inda ake shafe awa uku ana gardama a kan kwalbati ɗaya. Layin da ya ce a riƙa tattaki kullum kuwa, na fassara shi da cewa a riƙa kishingiɗa kullum, a wuri mai iska. Aka fitar mini da katifa ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida.

Maganar gaskiya, dokokin kirki ma na kiyaye su. Magani bai taɓa wuce ƙarfe takwas ba, wayata na ƙara, maiɗakina na tsaye da kofin tafasasshen ruwa. Ba na wasa da ranar asibiti. Wani maƙwabcinmu direba, mai jigila tsakanin Gaya da Kano, shi ke ajiye mini kujerar gaba don kada a matse ni, ya kuma sauke gilashi saboda masu tari. Ni kaɗai nake zuwa, maiɗakina na gida da yara. Wannan ma ya taimaka wa sana'ata ta tafinta.

Damina ta faɗi ina kishingiɗe. 'Yan'uwa a Gafasa suka yi mini gayya, suka shuka gyaɗa da gero, suka yi noman fari, suka yi maimai. Wannan kam ya halatta, don ba a so in shiga ƙura da taki a watannin farko. Abin da bai halatta ba shi ne saƙon da na aika musu cewa ko zuwa gaishe su a bakin gona an hana ni, saboda girgizar babur.

Sista ta sa ni a wani zauren WhatsApp na waɗanda aka yi wa dashe. A nan ake sanar da juna inda aka samu magani idan ya yi wuya a gari, da wanda zai shiga Kano yana da wuri a mota, da tunin cewa ranar awon jini ba a shan maganin safe sai an ɗebi jinin. Wani ya ce hannunsa na rawa, wasu biyar su ce su ma sun yi, ga abin da likita ya ce musu. Babbar zauren wata Hajiya ce daga wajen Ajingi, mai sayar da atamfa, wadda ta shekara takwas da nata dashen. Kowa uwa ya ɗauke ta. Ni kuma na zama ɗan barkwancin zauren. Rannan zumuɗi ya ɗebe ni, na ɗauki hoton farfesuna, romo na sheƙi, na tura, na rubuta a ƙasa cewa jinya daɗi.

Hajiya ta aiko da saƙon murya. "Malam, wannan na kwana nawa ne a mako?"

Na tura mata hoton dariya kawai.

Wadda ta fara shinshino ni Yaya ce. Ta zo daga Kademi da galan ɗin mai a hannu, ta same ni a ƙarƙashin darbejiya, kumatu sun cika, ciki ya turo riga. Ita tuni ta koma suyar ƙuli-ƙulinta. Ta tsaya a kaina ta daɗe tana kallo.

"Auta, wai ni aka yanka aka cire wa, ko kai?"

"Ke ce, Yaya."

"To ni da aka rage wa na tashi ina aiki. Kai da aka ƙara wa kana kwance kamar buhun gero."

"Ai ba ɗaya ba ne. Ni baƙuwa ce a jikina, sai an lallaɓa ta."

"Baƙuwa? Shekara hamsin tana daka da surfe a jikina. Ba ta san kwanciya ba, kada ka lalata mini ita."

Maiɗakina ta shiga tsakani. "Yaya, ba laifinsa ba ne, takarda ce ta ce."

Yaya ta kalle ni, ta kalli maiɗakina, ta taɓe baki. Da za ta tafi ta ɗauke cinyar zabon da ke cikin kwanona, ta ce ladan ƙodarta ne.

A wata na biyar asiri ya fara tonuwa. Na hau ma'auni a asibiti, Sista ta duba, ta ce in sauka in sake hawa. Sakamakon jini ya fito, ƙoda lafiya lau, amma suga ya fara hawa. Ta ce ɗaya daga cikin magungunan yana buɗe ciki yana kuma tayar da suga, shi ya sa aka ce a kula da abinci a kuma motsa jiki.

"Kana tattakin?"

"Ana taɓawa."

Ta kalle ni ta saman gilashi. "Ranar Laraba ta ƙarshen wata muna taron masu dashe da iyalansu. Ka zo da mai dafa maka abinci."

Na yi niyyar in manta da saƙon a mota. Abin da ban tuna ba shi ne lambar maiɗakina na cikin fayil ɗina. Kafin in iso Gaya, Sista ta riga ta kira ta. Na tarar da ita tana murna, har ta fitar da mayafin da za ta sa.

An yi taron a wani ɗaki mai bencina, mu kusan talatin, kowa da takunkumi. Ga masu dashe, ga matansu da mazajensu, ga wasu da suka bayar da ƙodar. Hajiyar Ajingi na gaba, na gane ta da murya. Wata mai ilimin abinci ta yi bayani a kan gishiri da dunƙulen miya, wani ya yi magana a kan azumi, cewa kowa ya tambayi likitansa kafin ya ɗauka. Sannan Sista ta ce, "Yanzu muna so mu ji daga masu kula da su a gida. Wa za ta fara?"

Na ji benci ya motsa. Maiɗakina ce ta miƙe. Na ja gefen mayafinta, ta zame.

Ta yi sallama, ta gode wa Allah, ta gode wa asibiti. Sannan ta ce ita dai ba ta saɓa ko layi ɗaya na takarda ba. Ta fara lissafowa da yatsu, cikin alfahari. Ba ta taɓa ba shi abin da ya kwana ba. Ƙwai biyu kowace safiya. Zabo sau uku a mako, kuma da zabi suka yi wuya a kasuwar Gaya har Ajingi ta aika aka nemo. Ta daina jin wasan kwaikwayo wata biyar. Ba ya taka ko'ina, daga ɗaki sai gindin bishiya, kamar yadda aka rubuta. Abu ɗaya ne kawai take so a duba mata: dokar da ta ce a riƙa yi masa fifita bayan la'asar, shin har yaushe za a daina, don hannunta na dama ya fara ciwo.

Wani mutum a bayana ya fara tari, ashe dariya ce ta shaƙe shi. Sai ɗakin ya ɗauka gaba ɗaya. Hajiya ta kifa kai a kan jakarta, kafaɗunta na rawa. Ni dai na gode wa wanda ya ƙirƙiro takunkumi.

Sista ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Kin zo da takardar?"

Ta zo da ita, a naɗe cikin leda. Sista ta buɗe, ta karanta da Hausa, tun daga layin farko har lambar waya, a hankali, yadda ta karanta mini ranar sallama. Da ta iso layin tattaki ta karanta shi sau biyu. Maiɗakina na tsaye tana saurare. Da aka gama ta ce, "Babu zabo?"

"Babu zabo."

"Rediyon fa?"

"Ki kunna abinki."

Ta zauna a hankali. Ba ta kalle ni ba.

Muka shiga mota muka kama hanyar Gaya. Da muka tsaya a Wudil ta sayi soyayyen kifi, manya biyu, aka barbaɗa mata yaji. Ta buɗe a kan cinyarta ta ci, ta tsotse ƙaya, ta ɗauki na biyu. Ƙamshi ya cika motar. Na ce, "Uwargida, ko ɗan wutsiyar?"

"Akwai maiƙo, Malam. An karanta mini da kunnena."

Washegari da asuba, ina dawowa daga masallaci, na tarar an kwashe katifar gindin darbejiya, takalmana na bakin ƙofa. An buga wa Yaya waya tun jiya, kafin hantsi ta iso. Na zaci faɗa za ta yi. Sai ta zauna a kan turmi ta sa maiɗakina ta maimaita mata dokokin ɗaya bayan ɗaya, tana dariya har da hawaye, tana cewa a sake faɗo na fifitar. Da ta gama ta share ido ta ce, "Ka ba matarka haƙuri. Wata biyar tana tsoron kada ta kashe ka da ɗumame."

Wannan maganar ce ta shige ni. Ni wasa na ɗauki abin. Ban taɓa tsayawa na lura cewa duk dokar da na ƙirƙiro, ita da fargaba take bin ta ba. Na ba ta haƙuri a gaban Yaya, na sake ba ta bayan Yaya ta tafi. Ta ce ta yafe, amma sai da aka yi kwana tara ana kawo mini ɗumame, mai zafi sosai, yadda Sista ta ce a riƙa ɗumama shi.

Labari ya kai Gafasa, ban san ta bakin wa ba. Ranar Juma'a sai ga Kawu da jarka a bayan babur, fuskarsa cike da nasara.

"Ashe duk ƙarya ce! To ga maganinka, an sake haɗa sabo."

Na rantse masa cewa wannan dokar ta gaskiya ce. Ya ce ai na rantse a kan zabo ma. Maiɗakina ce ta cece ni. Ta ɗauko sabuwar takardar da Sista ta ba ta ranar taro, wadda aka rubuta da Hausa, ta karanta masa. Ya ce bai yarda da takardun gidan nan ba. Sai ta kira Sista ta miƙa masa wayar. Na ji tana gaishe shi da Baba, tana tambayarsa damina, sannan ta yi masa bayani cewa jiƙon na iya karo da maganin da ke hana jikina ƙin ƙodar, kuma idan ƙodar ta tafi, ta 'yarsa ce ta tafi a banza. Ya daɗe yana cewa to, to. Da ya ajiye ya nuna ni da wayar ya ce, "Ita na yarda da ita. Kai kuwa sai na ga hali."

Da yamma Hajiyar Ajingi ta kira ni, ba a zaure ba, ni kaɗai. Ta tsokane ni son ranta, sannan ta sauke murya.

"Malam, zabo kam kwaɗayi ne. Kwanciyar fa? Tsoro ne ko?"

Ta gano ni, ga shi ban taɓa faɗa wa kowa ba. Tun da aka yi aikin, duk lokacin da na miƙe sai in dafe gefen marata, ina ji kamar idan na taka da ƙarfi abin zai tsinke ya faɗo. Shekara biyu ina mara lafiya, na saba, har na manta yadda masu lafiya ke tafiya.

Ta ce, "Ni wata uku na yi ba na yarda in yi atishawa. An ɗinke ta da kyau, ba za ta faɗo ba. Gobe ka taka zuwa bakin kasuwa ka dawo, ka kira ni ka gaya mini abin da ka gani."

Haka muka yi. Kullum bayan asuba in fita, in dawo in aika mata saƙo. Yau na kai tasha. Yau na wuce makarantarmu. Wata biyu ana haka, suga ya sauka, rigunana suka sake ni, likita ya sa hannu na koma aji.

Da kaka ta yi, na tambayi Sista ko zan iya zuwa cirar gyaɗa. Ta ce in je, amma da safar hannu da takunkumi da malafa, in tafi da ruwana, in kuma huta idan rana ta take. Haka na sauka a Gafasa kamar wanda zai shiga ɗakin tiyata. 'Yan'uwan da suka noma mini gonar suka ajiye aiki suna kallona, wani ya ce a kawo wa Malam kujera da mafici. Na ƙyale su, na sunkuya na kama. Na gama kunyar gyaɗa biyu, na huta a inuwa, na ƙara ɗaya. Kawu na daga gonarsa yana leƙe, da azahar sai ya aiko mini da dafaffiyar gyaɗa mai zafi, ba gishiri.

Washegari na tashi bayana ya riƙe, cinyoyina kamar an yi musu duka. Ko karyawa ban yi ba na kira Sista. Ta tambaye ni zazzaɓi, na ce babu. Fitsari fa, na ce kamar kullum. Wurin dashen yana ciwo ko ya kumbura? Na taɓa, na ce a'a. Ina ne ke ciwon? Na lissafa mata: baya, cinya, kafaɗa, har tafin hannu.

"Jiya me ka yi?"

"Cirar gyaɗa. Kunya uku."

A karon farko tun da na san ta, na ji ta yi dariya.

"Malam, gajiya ce. Ka sa a dafa maka ruwan wanka. Idan wani abu ya canza ka kira ni."

Na ajiye wayar na zauna a bakin gado ina matsa cinyata. Rabona da irin wannan ciwon, na wanda ya yi aiki da jikinsa, shekara uku ke nan. Na yi wankan, na sha magani da ƙarfe takwas, na ɗingisa zuwa makaranta.